Makin da Yayanki Ya Tara

Tudun Wada, Gusau.

Zuwa ga 'yata Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta riske ki kin sauka Zariya lafiya. Allah Ya tsare ki tsakanin Gusau da Tsafe, Ya tsare ki daga Tsafe zuwa Funtuwa, Ya rufe idon miyagu daga motar da kika shiga, Ya kiyaye direbanku da duk wanda kuka zauna kujera ɗaya da shi. Na sanya takardar a cikin laftof ɗin, tsakanin fuska da madannai, don na san kafin ki kwance akwatinki shi za ki fara buɗewa.

Akwai tambayar da kika yi mini ban amsa ba. Ranar da muke cin abincin rana da Innarki, kika ce manhajojin zanen gine-gine da za a ba ku a makaranta suna da nauyi, kuma wasan da yayanki ya bari ya cinye fiye da rabin ma'ajiyar na'urar. Kika ce, "Baba, idan wuri bai isa ba, in goge gem ɗin Yaya?" Na ajiye cokali, na wanke hannu, na fita. Na san kin ɗauka fushi na yi. Ban yi fushi ba. Tambaya ce ta mai hankali, kuma laftof ɗin naki ne: yayanki da bakinsa, a gadon asibiti, a gaban Innarki, ya ce idan kin samu makaranta a ba ki. Ba ni da ikon riƙe shi. Amma kafin in ba ki amsa, ya kamata ki san abin da ke cikin wasan, da abin da na yi masa a watannin nan da kike ganin ina rufe ƙofar ɗakin karatu bayan la'asar. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na rubuta.

Kin san yadda aka rene ni a 'Yandoto. Mahaifina bai taɓa kiran babban yayanmu da sunansa ba har ya koma ga Allah, ni ma da aka ba ni ɗan fari haka na yi. Na yi karatun ban-ruwa har inda karatun ya ƙare, na zauna a ƙasashen da uba ke rungumar ɗansa a tasha, na dawo ban canza ba. "Yaron nan" nake ce masa, ko kuwa "kai". Har yau ban ce al'adar ce ta yi laifi ba. Mahaifina ba ya kiran sunan ɗansa, amma tare suke wuni a gona, ya san yadda yake riƙe fartanya, ya san lokacin da ya gaji tun kafin ya faɗa. Ni na ɗauko kawaicin, na baro zaman taren.

Duk shekarun da yayanki ya yi yana wannan wasa a falo, ƙafafunsa naɗe cikin bargo saboda ciwon sikila, ban taɓa tsayawa a bayansa na dubi fuskar na'urar ba. Abin da idona ke kamawa idan zan wuce shi ne dodanni, da takubba, da tsofaffi masu dogon gemu da sanda. Na yanke cewa ɓata lokaci ne, na kuma yi shiru, saboda likita ya ce duk abin da zai ɗauke masa hankali daga zafin ƙashi a bar shi. Sau ɗaya ya ce, "Baba, zo ka ga wani wuri." Na ce akwai takardun ɗalibai da zan duba. Da gaske akwai su. Bai sake kira ba.

Asma'u, idan wanda ke ƙaunarki ya ce ki zo ki ga wani abu, ki tashi ki je, ko abin ba shi da daraja a wurinki. Takardun ɗalibai suna jira.

Bayan an yi addu'ar arba'in, masu gaisuwa sun watse, na ɗauko laftof ɗin da niyyar in share abin da ba shi da amfani kafin in miƙa miki. Na ga alamar wasan, na danna. Sai ga mutum tsaye a gindin wani dutse mai farin kai, ya ba ni baya, da alkyabba mai ruwan toka da ƙatuwar jaka. A saman kansa an rubuta suna. Yayanki bai ƙirƙiro wa jaruminsa sunan almara ba, sunansa na yanka ya sa masa. Da na koyi yadda ake tafiyar da shi na kai shi wani gari mai ganuwa, maƙeri ya gaishe shi da sunan, mai sayar da burodi ta gaishe shi da sunan, masu gadin ƙofa suka gaishe shi da sunan. Na rufe na'urar na yi alwala. Washegari na sake buɗewa.

Yanzu bari in yi miki bayanin shafukan zaɓi, waɗanda kuke kira menu, domin a can duk ɓarnar ta faru. Idan kika danna madannin da ke can sama a hagu, wasan zai tsaya, shafuka su bayyana jere. Akwai na jaka, inda kayansa suke. Akwai taswira. Akwai shafin aike-aike, wato ayyukan da mutanen ƙasar suka roƙe shi ya yi musu. Sannan akwai wani zane kamar bishiya mai manyan rassa, wanda zan dawo kansa. Kowane shafi yana da 'ya'ya, 'ya'yan ma suna da nasu, kuma hanyar da kika bi kika shiga ba lallai ita za ta fitar da ke ba. Na karanta littattafan injinan ban-ruwa da aka fassara daga harsuna uku, ban taɓa haɗuwa da tsari mai rikitarwa irin wannan ba. Madanni guda, idan kina shafin jaka, yana sanya wa jarumin kaya a jiki. Idan kina gaban ɗan kasuwa, shafin yana nan kamar yadda yake, launi ɗaya, jeri ɗaya, amma madannin nan sayarwa yake yi. Babu abin da ya bambanta su sai wata ƙaramar kalma a can ƙasa.

Haka na rabu da takalmansa. Ina son in sanya masa su ne, sai na ga sun ɓace daga jaka, maƙerin yana godiya. Da na je in karɓo, wasan ya riga ya juya kayan shagon, babu su. Daga baya na karanta cewa takalman nan ba a sayen irinsu, kyauta ce wani makiyayi ya ba shi bayan ya nemo masa tumakinsa da suka ɓace a cikin kwazazzabo. Yayanki ya yi wannan wahala da yatsun da wani lokaci ko kofi ba sa iya riƙewa, ni kuwa na zubar da ita cikin ƙiftawar ido.

Don haka ki riƙa karanta ƙaramin rubutu na ƙasa kafin ki danna, a wasa ne ko a rajistar darussa ko a duk takardar da aka miƙo miki aka ce ki sa hannu. Idan wuri ya yi kama da wanda kika sani, a nan ya fi kamata ki tsaya, domin a wurin da kika saba ne hannu ke riga ido.

A cikin kwanakin nan Baffanki Sani ya zo daga Bilbis, ya kawo mana gero da wake. Ya shigo ɗakin karatu ba sallama mai ƙarfi, kamar yadda ya saba, ya same ni da tabarau a kan hanci ina fama da shafin jaka. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Yaya Dakta, mi kaka yi haka? Wanga ba wasan yara ba ne?"

Na ce, "Na yaron nan ne. Ina dubawa."

"To wancan mai ƙaho fa? Aljani ne ko sa?"

"Dodo ne. Ana kashe shi a samu maki."

"A samu maki! Kai da ka ƙare rayuwarka kana hana 'ya'yan mutane maki, yau ga ka kana roƙo nai wurin sa." Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Sai ya matso, ya karanta sunan da ke saman kan jarumin, yana haɗa baƙaƙen a hankali. Dariyar ta tsaya. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ya ce, "Allah Shi jiƙan shi. Yaya, ka rufe abin ga, ka fito mu sha iska." Na ce ina zuwa. Ban fito ba har ya tafi.

Da na ji maganarsa, da abin da zan faɗa miki yanzu bai faru ba.

Bishiyar nan ita ce zuciyar wasan. Duk lokacin da jarumi ya yi ayyuka ko ya ci yaƙi har ya hau wani mataki, ana ba shi maki, shi kuma mai wasa ya zaɓi gwanintar da zai saya da shi. Kowace gwaninta ɗigo ce a jikin reshe. Wadda aka saya tana haske, wadda ba a saya ba tana nan dusu-dusu. Ba a tsallake: sai kin sayi ta ƙasa ake buɗe miki ta sama, kuma duk yadda kika hau, tsadar na ƙaruwa. Akwai reshen takobi, akwai na baka da kibiya, akwai na siddabaru, akwai na tafiya da juriya. Makin ba ya isa a cika duka, don haka bishiyar kowane mai wasa daban take da ta wani. Wannan ban gane shi da wuri ba. Na ɗauka akwai daidai, akwai kuskure, kamar jarrabawa.

Da na buɗe ta yayanki, abin da na gani ya dame ni. Reshen tafiya yana haske tun daga gindi har kusan ƙoli. Reshen takobi kuwa ɗigo biyu na ƙasa kawai, sauran rassan babu komai. A gefe kuma ga maki masu yawa a ajiye, bai taɓa su ba. Na dubi shafin aike-aike, na ga babban labarin wasan, wato yaƙin da ake so jarumi ya je ya yi da wani azzalumin sarki, ko kwata bai yi ba bayan duk shekarun nan. Na ce a raina: yaron nan bai fahimci tsarin ba. Ya zuba ruwa duka a fangali ɗaya ya bar sauran gonar a bushe, shi ya sa ya kasa ci gaba.

Makin farko da gangan ban kashe shi ba. A shafin bishiya, idan kika taɓa madanni kika saki, bayani yake nunawa. Idan kika danne kika riƙe, saye ne. Ni a kan tafireta na koyi bugu, yatsana ba ya taɓawa, dannewa yake yi. Ina son in karanta bayanin wata gwanintar sara, sai na ga ɗigon ya kama haske, an buga wani ɗan kiɗa na murna, makin ya ragu. Babu inda aka tambaye ni ko na tabbata.

Wannan tsautsayi ne. Abin da ya biyo baya ba tsautsayi ba ne. Na zauna na karanta reshen takobi daga ƙasa har sama, na auna, na ga cewa idan aka zuba sauran makin a can, jarumin zai iya fuskantar sarkin nan. Na ji wani abu mai kama da farin ciki, karo na farko tun ranar jana'iza. Na ce ga abu guda da zan iya yi masa: in gyara masa lissafi, in ƙarasa masa aikin da ya kasa. Na saye su ɗaya bayan ɗaya har makin ya ƙare. A kusurwar fuskar akwai wani ɗan zobe da ke juyawa lokaci-lokaci, na ɗauka alamar neman sabis ce. Ashe wasan ne ke adana kansa da kansa, yana rubuta nawa a kan nasa. Yayanki ajiya guda ya yi. Babu tsohuwa da za a koma.

Na fito na sami Innarki a tsakar gida tana tsince shinkafa. Kin san tun rasuwar ba ta son jin kiɗan wasan nan, ko daga nesa ta ji shi sai ta shige ɗaki. Duk da haka na faɗa mata, da wata irin gadara da nake jin kunyarta yanzu, cewa na ƙarfafa jarumin yaron nan, zai iya faɗa.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Faɗa da wa, Malam?"

Na ce da sarkin da aka gina wasan a kansa.

Ta ce, "Ai shi ba faɗa yake yi ba. Yawo yake yi." Ta watsa tsakuwa gefe. "Kullum sai ya ba ni labari. Ya ce, Inna, yau na yi iyo na ƙetare tafki. In ce to ka shanya kayanka kada mura ta kama ka. Ya ce, Inna, yau na hau hasumiya da gudu ban yi haki ba. In ce saura ka ɗebo mini ruwa tunda ƙarfi ya zo. Ya yi ta dariya." Sannan ta ce, "Akwai wani dutse da yake ta tara maki dominsa. Ya ce ya kusa. Ka gan shi?"

Na koma ɗaki na buɗe reshen tafiya, na karanta shi kamar yadda ya kamata in yi tun farko, ina taɓawa a hankali ina saki. Dogon numfashi. Gudu ba gajiya. Iyo a ruwa mai zurfi. Ɗaukar kaya mai nauyi. Hawan dutse da hannu. Kwana a fili ba tare da jiki ya yi tsami ba. Asma'u, kin tuna lokacin da nake kai ku fadamar Bungudu idan zan duba aikin manoman rani? Ke da 'ya'yan manoma kuna tsalle a bakin kogi, shi yana cikin mota da rigar sanyi, gilashi a rufe, saboda ruwan sanyi yana tayar masa da ciwo. Ni na hana shi fita, kuma daidai na yi. Duk abin da na hana shi, da wanda jikinsa ya hana shi, yana jikin reshen nan, ya saye su ɗaya bayan ɗaya.

A can ƙoli saura ɗigo guda da bai kama haske ba, shi ne mafi tsada a reshen. Bayaninsa gajere ne: sanyi ba zai ƙara cutar da kai ba. Na buɗe taswira. Ƙasar duka a buɗe take, kowane ƙauye, kowane tsibiri, kowane kogo ya taka, in ban da kusurwar arewa, bayan dutsen nan mai farin kai, wadda har yanzu gajimare ya rufe. Ba a ƙetare dutsen sai da wannan gwaninta, sanyi ke kashe jarumi a tsakiyar hanya. A gindinsa na same shi tsaye ranar da na fara buɗewa, ban kuwa tambayi kaina me ya kai shi can ba. Makin da ya tara, kaɗan ya rage ya isa.

Na shekara talatin ina gaya wa ɗalibai kada su taɓa madatsar ruwan manomi sai sun tambaye shi dalilin da ya sa ya gina ta a inda ya gina. Ga shawarata, kuma ita ce mafi nauyi a takardar nan: idan kika ga tsarin wani ya karkace, kada ki miƙe shi sai kin san inda mai shi ya nufa. Za ki zana wa mutane gidaje. Wata za ta ce ki sa mata taga a inda littafinku ya ce ba a sa taga. Ki tambaye ta abin da take son gani ta wurin. Idan kuwa mai abin ba ya nan balle a tambaye shi, ki bar masa abinsa yadda ya bari.

Na nemi gyara ta kowace hanya da na sani, kuma gara in faɗa miki su don kada ki ɓata lokacinki.

A wani ƙauye cikin wasan akwai tsohuwa a bakin rijiya. Idan kika yi mata magana, shafi zai buɗe da kalmomi masu daɗi, ana yi miki tayin sabon farawa. Ma'anarsa ita ce za ta mayar da duk makin da aka taɓa kashewa, bishiyar ta koma duhu gaba ɗaya, a sake zaɓe. Da wannan zan iya cire nawa, in sayi ɗigon ƙoli a yau. Amma ba nawa kaɗai za ta goge ba, har da nasa. Ko na sake kunna ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya yadda suke, hannuna ne zai kunna su, ba nasa ba. Na je wurin tsohuwar nan ya fi a ƙirga, ina tsayawa a kan zaɓin, ina fita. Ki kula, zaɓin amincewa shi ne a sama, kuma a kansa alamar take sauka da kanta.

Na kwafe wasan a filashi na kai kwamfutar ofis, ko zan sami kwafi biyu in gwada a ɗaya. Ya buɗe, amma babu alkyabba, babu jaka, babu taswira. Wani sabon mutum ne tsirara daga gwaninta, da akwatin rubutu yana jira in sa masa suna. Na kai wa masu gyara a kasuwa, suka ce irin kwafin da yayanki ya samu yana ɓoye ajiyarsa a inda ba su da tabbas, kuma idan suka taɓa suna iya lalata ta. Ban bari sun taɓa ba. Abin da ke cikin na'urar da ke hannunki shi kaɗai ne.

Saura hanya ta gaskiya, wato a sake tara makin. A matakin da ya kai, ƙananan aike-aike ba sa ba da komai, ya riga ya gama su. Sai manyan dodanni. Na gwada. Ina da gwanintar takobin da na saya masa da makinsa, amma ba ni da hannun. Kafin in tuna madannin kaucewa an buge ni. Kuma duk lokacin da jarumi ya faɗi, fuskar na yin duhu, a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashi a rubuta cewa ya mutu, sannan a tambaye ni ko ina so in sake gwadawa. Na jure wannan iya abin da zan iya. Ranar da na ga na fara sabawa da rubutun, na daina. Ban ƙara ko maki ɗaya ba.

Abin da na iya kawai shi ne na tako da shi a ƙasa, ba takalman makiyayi, daga garin maƙerin har gindin dutsen, na tsayar da shi yana fuskantar arewa. A can za ki same shi.

Ban rubuto don in ɗora miki aiki ba. Na san abin da zuciyarki za ta ce idan kin karanta: za ki ce ke za ki tara makin, ke za ki ƙetare da shi. Kina da hannun, na sha jin ku kuna gardama yana ce miki sarauniyar gaggawa, kina ce masa ɗan yawon duniya. Idan kin sami hutu kika yi, ban hana ba. Amma na auna abin da idon da na auna ayyuka da shi duk rayuwata, ban ga zai yiwu ba. Aikin watanni ne ga wanda ba shi da wani aiki. Batirin ya gaji, fankar na kuka, kuma karatunku ba ya barin mutum ya numfasa. Ba na so ki faɗi jarrabawa saboda kuskuren da ni na yi, ba na kuma so ki zauna a ɗakin kwanan ɗalibai kina kallon rubutun nan da na kalla. Yayanki ya ba ki na'urar ne don ki yi karatu. Wannan ne abu na ƙarshe da ya faɗa a sarari, kuma na riga na ga abin da ke faruwa idan na sa ra'ayina a kan nasa.

Ga amsar tambayarki. Ki riƙe wasan muddin akwai wuri. Ranar da malamanku suka ba ku abin da ba zai shiga ba sai an cire shi, ki cire. Kada ki je wurin tsohuwar, kada ki bari wani ya taɓa bishiyar. Ya tafi yadda yake, da nasa da nawa. Kada ki kira ni ki nemi izini a ranar, na bayar yanzu, kuma ba ni da ƙarfin bayarwa sau biyu. Idan kin dawo hutu ba zan tambaye ki ba, ke ma kada ki faɗa mini. Ki bar ni ina zaton yana nan tsaye.

Innarki tana gaishe ki, ta ce yajin da ƙuli-ƙulin suna cikin jakar shuɗiya, kada ki ɗora littattafai a kai. Ki riƙe salla a kan lokaci. Kada ki yi tafiyar yamma a hanyar nan komai uzuri, idan mota ba ta cika da hantsi ba ki kwana ki biyo ta gobe. Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya haɗa ki da abokan zama na gari, Ya raba ki da ciwo, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya jiƙan yayanki, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ya huta. Idan kin yi masa addu'a, ki haɗa da ni.

Wassalam.

Mahaifinki.